Tankin Kifi Mai Ƙafa Biyu a Falonmu na Agege

Kifayen farko da suka shigo gidanmu kwana 5 kacal suka yi a duniya, kuma ni na sayo su da hannuna. Ina dawowa daga kai ɗinkin biki ne na ga wani yaro ya jera gilasai a bakin titi kusa da Pen Cinema, kowanne da kifi a ciki yana juyi. Na tuna Auta ta fi wata guda tana damuna da maganar kifi, tun ranar da ta ga irinsu a ɗakin jira na wani asibiti. Na tsaya na ɗauki wani gilashi mai zagaye kamar ƙaramin tulu, ruwansa bai wuce lita 4 ba, da jajayen kifi biyu irin waɗanda ake ce wa golfish. Ko ciniki ban yi na kirki ba, ni da nake iya ɓata rabin sa'a a kan kuɗin yadi ɗaya na shadda.

A rana ta uku ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki, ga ƙarni. Kifayen suka dawo sama suna ta buɗe baki kamar masu hamma. Muka ce yunwa ce, aka ƙara musu abinci. Da abin ya ƙi, uwargida ta juye su a kwano, ta wanke gilashin tas da sabulu, ta cika shi da sabon ruwa. Washegari ɗaya ya kife. Wanshekare ɗayan ya bi shi.

Auta ta yi kukanta ta gaji ta yi barci. Uwargida kuwa sai da muka zauna cin abincin dare ta ce, "Malam, ka san dai hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Mu ba mu hana su abinci ba, amma ba mu san haƙƙinsu ba muka kawo su. In ba za mu iya ba, a bar su inda Allah ya ajiye su." Ban ce komai ba, don ba ni da abin cewa.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu a wajen Oko-Oba da ke kiwon tarwaɗa a manyan tankunan roba a bayan gidansa, ni nake masa ɗinkin Sallah shekara da shekaru. Ranar Juma'a bayan an sauko na bi shi gida na ba shi labari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. In aka kulle ka a ɗakin da ba taga, nan za ka ci, nan za ka kewaya, kwana nawa za ka yi?" Ɗansa da ke karatu a kwalejin kiwon kifi ta tarayya da ke Victoria Island yana gida ran nan, shi ya ƙarasa mini bayanin, har da zane a bayan kwalin magani.

Abin da na fahimta ke nan. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, ta wurin numfashinsa da kashinsa, kuma abincin da ya rage ya ruɓe shi ma ita yake zama. A rafi ruwa yana tafiya da ita. A gilashi ba inda za ta. Abin da ke ceton kifi wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin soso da tsakuwa, wasu su mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wadda da sauƙi, ana rage ta da canjin ruwa. Sabon gilashi ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma kafin su kafu akan ɗauki sati 4 zuwa 6. Wato wankin da uwargida ta yi da kyakkyawar niyya, ya kwashe ɗan abin da ya fara kafuwa, ya kuma bar sauran sabulu. Wannan ɓangaren ban faɗa mata ba sai da aka kwana biyu.

Golfish ɗin ma ashe ba kifin tulu ba ne. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, yana iya kai santimita 20 ko fiye, yana wuce shekara 10 in ya samu kula, ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, kuma ga ci ga kashi. Mun ɗauko ɗan maraƙi ne muka sa a akurki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin maganar yaron shi ne, wai ƙaramin gilashi ya fi babba wuyar riƙo. Ni a tunanina ɗan koyo da ƙarami yake farawa, kamar yadda nake fara ba yaran shago ɗinkin aljihu kafin su taɓa babbar riga. Ya ce a'a. Cokalin gishiri ɗaya a kofi ba za ka iya sha ba, amma a randa ko ji ba za ka yi ba. Kuskure ɗaya, a ce yaro ya zuba abinci da yawa, a lita 4 ajali ne, a lita 50 kuwa sai dai ruwa ya ɗan canja, ka samu lokacin gyarawa. Haka zafi: ƙaramin ruwa nan da nan yake ɗumama da rana, ya huce da dare, kifin yana ta shan wuya.

To sai na koma ga abin da na iya. Na ciro tef ɗina na shiga auna falo.

Ɗaki biyu muke haya da ɗan falo, duk wanda ya san gidajen Agege ya san ba a maganar fili. Wurin da ya rage mini shi ne kan wata tsohuwar durowa ta katako a kusurwar da rana ba ta kaiwa, tsawonta inci 28, faɗinta inci 15. Tankin da ake kira ƙafa biyu zai zauna a kai daidai: santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a tsayi. Lissafinsa ba wuya, ka ninka ukun, ka raba da 1,000, ya ba ka lita 54. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ka haɗa da nauyin gilashi da tsakuwa, ka haura kilo 60, wato ya fi buhun siminti. Da na ga haka sai na hau kan durowar na zauna, na ɗan girgiza, uwargida tana kallona daga ƙofar kicin tana tambaya ko lafiya. Durowar ba ta motsa ba. Teburin roba da na fara sa wa ido tun farko da ya kai mu ya baro.

Ranar Asabar na shiga danfo zuwa wajen Ikeja, inda aka kwatanta mini wani shagon kifin ado. Ina shiga mai shagon ya tare ni da "Alhaji, barka da zuwa." A Legas in kana da hula kuma ana son kuɗinka, ka yi Hajji ka gama. In ba a so, Aboki ne kai.

Ya fara nuna mini wasu ƙananan tankuna na roba mai haske, da fitila mai canja launi da gidan sarki na roba a ciki, lita 8 zuwa 10. Suna da kyau a ido, ba ƙarya, kuma su aljihuna ya fi so. Na wuce. Sai ya ja ni wajen wani dogo mai tsayuwa kamar bututu, wanda na tabbata da Auta na nan shi za ta rungume. Na sa tef: 30 da 30, tsayi 60. Lita 54 ke nan, daidai da wanda nake nema, kuma ba zai ci wuri ba. Na kusa cewa a naɗe mini. Abin da ya tsayar da ni maganar da ɗan dattijon nan mai tarwaɗa ya nanata ce, cewa ta saman ruwa iska take shiga. Dogon nan fuskar ruwansa 30 sau 30 ce, 900 ke nan. Na kwance kuwa 60 sau 30, wato 1,800, ninki biyu. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wataƙila bambancin ba zai dami kowa ba, tunda inji na ta hura iska dare da rana. A layinmu kuwa ana iya ɗauke wuta da hantsi sai bayan isha'i, kuma ruwa mai ɗumi irin namu dama ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Ranar da inji ya tsaya, faɗin fuskar ruwan nan shi ne abin da kifi zai rayu da shi. Ban da haka, kifi gaba yake iyo, ba sama da ƙasa ba kamar guga.

Mai shagon ya ga ina rubuta lissafi a tafin hannu, ya yi dariya ya ce wannan Alhajin injiniya ne. Na ce tela ne. Daga nan ya daina yi mini tallar fitilu, muka shiga magana ta gaskiya, kuma na same shi mutum mai sanin sana'arsa.

Tankin ƙafa biyu da yake da shi na waje ne, a kwali, da murfi da fitila da matatar ruwa duk a haɗe, kuɗinsa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Shi da kansa ya ce in je wajen mai yanka gilashi a haɗa mini, amma in kula da abu uku. Kaurin gilashin ya kai milimita 6, kada a yi mini da siririn gilashin taga. A goge bakinsa don kada ya yanki yara. Sannan silikon ɗin da za a manne shi ya zama wanda aka yi don tankin kifi, domin irin na banɗaki da kicin ana sa masa maganin hana baƙin fumfuna, kuma wannan maganin yana kashe kifi sannu a hankali, kana ta neman dalili ba ka gani. A wurinsa na sayi silikon ɗin na kai wa mai gilashin unguwarmu, wanda ke yin akwatunan masu sayar da waya da gurasa. Ya so ya yi mini gardama, wai nasa ma ba ya yoyo. Na ce na sani, amma a yi da wannan.

Bayan an haɗa na bar shi sati guda ya bushe, har warin tsamin nan ya fita. Sannan na ajiye shi a baranda a kan tsohuwar jarida, na cika shi da ruwa, na bar shi kwana 2. Jaridar ba ta jiƙe ba. In zai yi yoyo gara ya yi a baranda da ya yi a kan kafet ɗin uwargida, don wannan shari'ar ba zan ci ta ba. Da za a ɗora shi a durowa na shimfiɗa masa farin kumfan nan da ke zuwa a kwalin talabijin, saboda ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin gilashi mai ɗauke da kilo 50 ta isa ta tsaga shi.

Maganar matatar ruwa ita ma wuta ce ta yanke hukunci. Akwai masu mota a ciki da ke zuƙar ruwa da ƙarfi, amma da an ɗauke wuta shi ke nan sun mutu, ƙwayoyin da ke ciki su rasa iska. Na ɗauki mafi araha kuma mafi sauƙi: dunƙulen soso da ake haɗawa da siririn tiyo zuwa ɗan famfon iska. Na zaɓi famfon da ke aiki da wayar caji irin ta salula, don in an ɗauke wuta in maƙala masa fawa banki, abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Wani abu da mai shagon ya gargaɗe ni, wanda ban taɓa tunaninsa ba: in famfon yana ƙasa da tankin aka ɗauke wuta, ruwa na iya biyo tiyon ya gangaro baya, ya lalata famfon ya malale falo. Ko a sa ɗan maƙulli mai hana ruwa dawowa, ko a rataye famfon sama da ruwan. Na yi duka biyun, na buga ƙusa a bango.

Hita kam ban saya ba. Yawancin waɗannan ƙananan kifaye suna son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, Legas kuwa kusan kullum a nan take ko sama da haka. Da a Jos nake, ko a Kano lokacin hunturu, da dole ne. A nan abin tsoro zafin Fabrairu da Maris ne. Ma'aunin zafi na saya na manna a gilashi.

Ruwanmu na bohol ne daga tankin mai gida. Na je na tambaye shi ko yana zuba wani magani a ciki, ya ce sai jefi-jefi in an wanke tanki. Wannan jefi-jefin ya isa, don kulorin, wato maganin da ake zubawa a ruwa, yana ƙona kifi yana kashe ƙwayoyin soso. Na sayi ɗan kwalbar maganin kashe kulorin, na kuma ware bokiti biyu sababbi da na rubuta wa "kifi" da jan fenti, na kafa doka ba mai sa musu sabulu. Ruwan 'yan garuwa ban yarda da shi a wannan aiki ba, ba don komai ba sai don jarkokin, ba ka san abin da suka taɓa ɗauka ba.

Sai jira. Na wanke tsakuwa har ruwanta ya fita garau, na zuba, na cika tanki, na kunna famfo. Mai shagon ya matso mini ruwan tsohon soso daga tankinsa a leda, baƙi ƙirin kamar ruwan kwata, ya ce wannan ne irin, kamar yadda ake sa tsohon nono a sabuwar madara. Kullum da safe in zuba ɗan abincin kifi, abin da yatsu biyu za su ɗauka, a tankin da ba kifi, don ya ruɓe ƙwayoyin su samu abin ci. Maƙwabta suka samu abin dariya. Wani abokina mai shayi ya leƙo ya ga kumfa na tashi a ruwa ba kowa ciki, ya fita yana shelar cewa tela ya fara kiwon ruwa. Auta kuwa kullum ta dawo daga Islamiyya tambayarta ɗaya ce, "Baba, yau ne?"

Na sayi kayan gwaji, 'yan kwalabe da ake ɗiga wa ruwa ya canja launi. A sati na biyu launin naitirait ya yi duhu har na tsorata, na kira ɗan dattijon, ya ce haka ake so, alamar rukunin farko sun kama aiki ne. Ana cikin sati na huɗu na gwada, amoniya babu, naitirait babu. Na sake gwadawa bayan kwana 2 don kada a ce zumuɗi ne. Na canja rabin ruwan, na ce wa Auta ta sa hijabinta.

A shagon na sha jarrabawa. Akwai wani ɗan kifi mai idon basira da ake kira oska, yana bin yatsanka a jikin gilashi, amma yana kai santimita 30, tankina ba zai ɗauke shi ba ko na wata shida. Akwai baƙin nan mai manne baki a gilashi da ake cewa yana share tanki, shi ma irin da aka fi sayarwa ƙato yake zama. Akwai beta, kifin faɗa na ƙasar Tailan, mai bindi kamar gyalen amarya, wanda ba a haɗa maza biyu wuri guda. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ya nuna mini wani mai jan ciki da ake kira kiribensis, ya ce daga rafukan kudancin Najeriya yake, kuma Turawa suna ji da shi. Haka wata ciyawa mai kaurin ganye, anubiyas, ita ma 'yar yankinmu ce. Abin namu ne, sai ya zaga duniya sannan muka san darajarsa. Kifin na bar shi sai hannuna ya faɗa, don in ya tashi ƙwai ba ya barin kowa ya zauna lafiya. Ciyawar na saya biyu, na ɗaure su da zaren ɗinki a jikin dutse, domin in ka binne kaurin jijiyarta a tsakuwa ruɓewa take, kuma ba ta neman haske mai yawa.

Gupi muka ɗauka. Ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsa ba, asalinsu daga Kudancin Amurka, wajen Benezuwela da Tirinidad, kuma an yaɗa su ƙasashe da dama don suna cin tsutsar sauro. Suna da juriya, zafinmu bai dame su ba. Shawarar da aka ba ni ita ce in ɗauki maza zalla, su ne masu launi, kuma ba za a cika mini tanki da 'ya'ya ba, tunda gupi haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kusan duk wata. Na zaɓi maza 5. Auta ta kafe a kan wata mai launin toka da ƙaton ciki, wai ita ce babarsu, ba za a raba su ba. Mai shagon ya kalle ni, na kalle shi, na biya.

A gida na ɗora ledar a kan ruwan tanki minti 20 don zafinsu ya daidaita, ina ɗan ƙara musu ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sannan na kwashe su da raga na sake su, ruwan ledar na zubar a waje. Ran nan ba a ba su abinci ba.

Saura ƙiris mu sake yin asara a sati na biyu, kuma ba daga ruwa ba. Sauro ya dame mu, babban yarona ya ɗauko maganin feshi ya fara daga ƙofar falo. Allah ya sa ina nan, na daka masa tsawa har ya saki gwangwanin. Maganin sauro irin na feshi guba ne mai tsanani ga kifi, kuma famfon iska zuƙo iskar ɗakin yake ya tura cikin ruwa. Yanzu in za a yi feshi sai an kashe famfo, an lulluɓe tanki da jiƙaƙƙen zane, an buɗe tagogi daga baya, sannan a kunna. Fiya-fiya kuwa an hana ta shiga falon gaba ɗaya.

Aikin sati bai fi minti 20 ba. Ranar Lahadi in zuƙe kamar lita 12 da tiyo daga ƙasan tsakuwa, uwargida ta ba shukokinta na tukunya, in mayar da ruwan da ya kwana a bokiti. Soson kuwa sai ya toshe nake matse shi, a cikin tsohon ruwan tankin, ba a famfo ba. Abinci Auta ce ke ba su, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti 2, kuma gwangwanin yana saman kwaba inda sai ta kira ni.

Kwana 19 da zuwansu, da asuba na fito zan tafi masallaci, na haska tankin da fitilar waya. Babarsu ta saɓe, cikin nan ya tafi. A ƙarƙashin ganyen anubiyas na ga wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa mai ido biyu. Na ƙirga 11, na sake ƙirgawa na samu 14. Da gari ya waye na kira mai shagon na tambaye shi ko zai karɓa in sun yi wayo. Ya ce zai karɓa, amma in sani macen gupi tana ajiye abin namiji a jikinta, ko na raba ta da mazan yau za ta sake haihuwa wata mai zuwa, da wanda ke bayansa. Na kashe waya na juyo, sai na ga uwargida ta miƙo mini tef ɗina, tana nuna mini kusurwar da keken ɗinkinta yake.